Kun Tambaya, Mun Amsa: Wahalar Tseren Mota a Titunan Cikin Gari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan kallon tseren motoci na Formula 1 a talabijin, kuma na sha jin masu sharhi suna cewa tseren Monako ya fi kowanne wuya, alhali a can ne motocin suka fi tafiya a hankali. Ta yaya tuƙin da gudunsa bai kai na sauran wurare ba zai fi su wahala?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka lura da shi gaskiya ne, domin a duk shekara babu inda matsakaicin gudun motocin yake ƙasa kamar Monako. Sai dai a wannan sana'a ana auna wahala ne da yawan filin da aka bar wa direba idan ya kuskure. A filayen da aka gina musamman domin tsere, wanda ya makara wajen taka birki yakan zarce cikin ciyawa ko tsakuwa ko shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ya yi asarar daƙiƙa biyu ko uku, ya dawo kan hanya. A titin cikin gari kuwa, inda kwalta ta ƙare nan shingen ƙarfe ya fara, kuma kuskuren da bai wuce faɗin tafin hannu ba ya isa ya karya ƙafar mota, aikin ranar ya tashi a banza.

Tun shekarar 1929 ake wannan tsere a titunan Monako, wata 'yar ƙaramar ƙasa a Turai. Tsawon zagaye ɗaya kilomita 3.337 ne, da kwanoni 19, kuma gwanaye suna kammala shi cikin kimanin daƙiƙa 70 a ranar gwaji, wato ranar da ake tantance matsayin da kowace mota za ta tashi. Idan ka yi lissafi za ka ga cewa ba a cika daƙiƙa huɗu ba tare da an shiga wata kwana ba, sannan a ranar tsere sai an maimaita zagayen sau 78. Babu doguwar miƙaƙƙiyar hanyar da direba zai sassauta hannu ya numfasa. Daga kwanar farko ta Sainte Dévote hanya takan hau tudu zuwa dandalin gidan caca, ta gangaro zuwa wata kwana mai lanƙwasa sosai a gaban otal, inda motar da aka ƙera domin ta haura kilomita 300 a awa take saukowa zuwa kimanin 50. Tsananin wannan lanƙwasa ya sa injiniyoyi kan sauya kayan sitiyari domin wannan tsere kaɗai, don tayoyin gaba su iya juyawa fiye da yadda suka saba. Jim kaɗan bayan haka sai direba ya faɗa hanyar da ta bi ta ƙarƙashin gini da gudu mai tsanani, ya fito daga duhu zuwa hasken rana daidai wurin da ya kamata ya taka birki a kan gangara, tun idonsa bai gama sabawa da hasken ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne zuciyar amsar, shi ne cewa nisantar shingen ba mafita ba ce. Duk wanda ya bar tazara saboda tsoro ya ƙara wa kwanar tsanani, dole ya rage gudu, abokan hamayyarsa su bar shi a baya. Saboda haka gwani yakan matso har gefen tayarsa ya shafi ƙarfen, musamman a kwanonin da ke kusa da wurin ninkaya a bakin tashar jiragen ruwa, inda hoton da aka rage wa sauri yake nuna shingen yana girgiza bayan mota ta wuce. Aikin tamkar zura zare ne a kafar allura, amma cikin gudu, kuma na kusan awa biyu ba hutawa.

Ita kanta kwaltar ba ta tsere ba ce. Titi ne da motocin jama'a suke bi duk shekara, mai tudu da kwari, da fentin layuka masu santsi idan an yi ruwa, da murafun magudanar ruwa waɗanda sai an liƙe su da walda, domin iskar da ke bi ta ƙarƙashin motar tsere tana iya fizge su. Hakan ya faru a birnin Baku na Azarbaijan a 2019, lokacin da murfi ya tashi ya lalata motar George Russell, ya kuma sake faruwa da Carlos Sainz a birnin Las Vegas na Amurka a 2023.

Hankali shi ne abin da yake fara gajiya. A 1988 Ayrton Senna, ɗan ƙasar Birazil, ya tsere wa abokin aikinsa Alain Prost da kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a ranar gwaji, a ranar tsere kuma ya ba shi tazarar kimanin daƙiƙa 50. Da aka umarce shi ta rediyo ya sassauta, sai natsuwarsa ta ɗan kau, ya bugi shinge a kwanar Portier saura zagaye kaɗan a gama. Wannan shi ne mutumin da ya lashe tseren Monako sau shida, wanda har yau babu wanda ya kamo shi. A 1996 kuma, da aka yi ruwan sama, motoci uku kacal suka kai ƙarshe, Olivier Panis na Faransa ya yi nasara bayan ya tashi daga matsayi na 14.

Tambaya: Malam, wata mai karatunmu ce take cewa tseren cikin gari ba ya ƙayatar da ita, domin ba a cika ganin wani ya wuce wani ba. Shin ba lokaci ya yi da za a daina shi ba?

Amsa: Malama, ƙorafinki yana da tushe. A 2017 aka ƙara faɗin motocin zuwa mita biyu, titunan Monako kuwa suna nan yadda suke, don haka wanda ke gaba yana iya tare hanya ko da na bayansa ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. A 2018 Daniel Ricciardo ya yi nasara duk da cewa injinsa ya samu matsala ya rasa wani babban kaso na ƙarfinsa, a 2024 kuma, shekarar da Charles Leclerc ya ci a garinsu, motoci goma na farko sun gama a daidai jerin da suka tashi. Wannan ne ya sa a 2025 aka wajabta tsayawa sau biyu domin sauya taya, ko da yake bai sauya lamarin sosai ba.

Duk da haka ban goyi bayan a daina ba. Shawarata ita ce ki riƙa kallon gwajin ranar Asabar, inda ake tantance matsayin tashi, domin a nan ne kowane direba yake fito da duk abin da ya iya a zagaye guda, kuma a ganina babu awa ɗaya a duk kakar wasa da ta kai ta nuna ƙwarewa. Hana wucewar ma wani lokaci ita ce abin kallo: a 1992 Nigel Mansell, da sababbin tayoyi da mota mafi gudu, ya bi Senna dab da dab a zagayen ƙarshe yana neman kafa hagu da dama, bai samu ba, aka gama da tazarar da ba ta kai rubu'in daƙiƙa ba.

Tambaya: Shin duk tseren cikin gari irin na Monako ne?

Amsa: A'a, kowanne da irin tasa wahalar. A Singafo, inda aka fara tseren dare a 2008, zafi da gumi ne suke galabaitar da direba, har yakan rasa kilo biyu zuwa uku na nauyinsa kafin a tashi. Baku ta Azarbaijan ta haɗa abu biyu masu karo da juna: akwai wurin da ke jikin ganuwar tsohon birni wanda faɗinsa mita 7.6 ne kawai, akwai kuma miƙaƙƙiyar hanya ta kimanin kilomita biyu, don haka injiniyoyi sukan rasa yadda za su saita fukafukan mota, domin saitin da ke danna ta ƙasa a kwana shi ne yake rage mata gudu a miƙe. A Jidda ta Saudiyya kuwa, wadda ta shiga jerin a 2021, matsakaicin gudu a ranar gwaji yana kaiwa kimanin kilomita 250 a awa tsakanin katangu, kuma yawancin kwanoninta direba ba ya hango abin da ke bayansu, sai dai ya dogara da tutocin masu kula da hanya da kuma muryar injiniyansa a rediyo.