Ni ma sikelin nan ya taɓa kunyata ni

Ɗan'uwa, ina karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce ɗakin da ke zanen santimita 4 ne da 5, sikeli 1:100 (wato santimita 1 a zane santimita 100 ce a gaske), ana son filinsa na gaske, ka samu murabba'in santimita 20, ka ninka da 100, ga 2,000 ta fito, aka ce ba daidai ba ne. Wallahi ramin da na faɗa ke nan.

Nawa ma a gaban aji ya faru. Malamin ya ɗaga takardata sama, ya mayar da amsar zuwa mita a kan allo, ya ce ɗakina bai kai rabin murabba'in mita ba, wai a tambaye ni ko akurkin kaza na zana. Aji ya ɗauki dariya, har da masu buga tebur. Ina tsaye, alli a hannu, gumi na bin bayana. Abin da ya fi ƙona min rai, bai ce ga inda na kuskure ba. Ya dai rubuta 200,000, ya ja layi biyu a ƙasa, ya ce in zauna. Sunan "mai akurki" kuwa ya bi ni har ƙarshen zango. Na yafe masa, amma har yau in na tuna yadda yake kaɗa takardar nan sai raina ya sosu.

Wani ɗan ajinmu ne ya warware min, a bayan littafinsa. Ya zana ɗan murabba'i guda, ya ce in ninka kowane gefe sau 2. Da na zana, sai ga irin na farkon guda 4 sun zauna daram a ciki. Sau 3, guda 9. Ashe sikeli tsawo kawai yake faɗa maka, shi kuwa fili tsawo ne da faɗi, kowanne sai ya sha nasa ninkin. Don haka a 1:100, fili 100 sau 100 ne, wato 10,000. Ninka 20 ɗinka da wannan, ga murabba'in santimita 200,000, daidai da murabba'in mita 20.

Ni dai tun ranar na daina wannan hanyar ma. Sai in fara mayar da kowane gefe zuwa girmansa na gaske: santimita 4 ta zama mita 4, 5 ta zama mita 5, sannan in ninka. Sifilai ba sa ruɗa ni haka. Kuma kafin ka miƙa amsa, ka kalle ta da ido: 2,000 ɗin nan santimita 40 ce da 50, ko mutum ɗaya ba zai kwanta a ciki ba.

Af, ka yi hattara da fotokwafi. In an rage zane daga babbar takardar A3 zuwa A4, injin yana mayar da gefe kashi 71 cikin 100 na tsawonsa ne, ba 50 ba, duk da cewa filin takardar rabi ya koma. Rubutun 1:100 zai fito a jikin kwafin, alhali ƙarya yake yi, rularka ba za ta ba ka gaskiya ba. Wannan ma ya taɓa cin ni, sai da na sake aikin dare guda.

In sun kawo 1:50, da 2,500 za ka ninka. In kuma aka koma tambayar yawan ruwan da tanki zai ci, tsawo, faɗi da zurfi kowanne zai sha ninki, 1:100 ta zama miliyan ɗaya. Wanda ya soke maka amsar nan, ya yi maka bayani kuwa, ko shi ma layi kawai ya ja?