Ga ɗan'uwan da ke son ɗaure gonarsa don ragin haraji

Salamu alaikum ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, kamar ni na rubuta ta. Ka ce masu gina gidaje sun ishe ka da tayi, an kuma ba ka shawara ka ɗaure gonar da yarjejeniyar hana gini har abada don a rage maka haraji. Ni na yi a 2017, a gonata da ke jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka, inda nake kiwon tumaki da awaki.

Ragin gaskiya ne. Ana ƙiyasta kuɗin gonar kafin ɗaurewa da bayan ɗaurewa, bambancin shi ne doka ke ɗauka a matsayin kyautar da ka bayar, a kansa ake lissafa ragin. Kana cire har kashi 50 cikin ɗari na kuɗin shigarka a shekara, in kuma fiye da rabin samunka daga noma yake, kashi 100. Ragowar ka yi ta cirewa har shekara 15. Bajiniya ma tana yafe maka harajin jiha daidai da kashi 40 na darajar kyautar, kuma kana iya sayar wa wani da wannan ragin.

Amma ka ce akwai bashin banki a kan gonar. To, a nan ƙasa ta rufta da ni. Doka ta ce sai banki ya sa hannu ya amince yarjejeniyar ta sha gaban bashinsa, kuma tun lokacin da ake ɗaurewa. Lauyana ya ce kada in damu, takardar banki za ta biyo baya. Sau uku ina tambayarsa, sau uku yana min dariya. Ta biyo bayan kuwa, da wata bakwai. Shekara biyu da yin haka, ina dawowa daga ba dabbobi ruwa, na tarar da wasiƙar hukumar haraji a akwati. An soke ragin gaba ɗaya. A tsaye na karanta ta, cikin sanyi, da bokiti a hannu. Uwargida ta leƙo ta ce wa ya rasu. Na kira mutumin nan ya fi sau goma, sakatariyarsa ce kullum, wai yana kotu. Ko "yi haƙuri" bai ce min ba har yau. Gona kuma ta riga ta ɗauru, ba a kwancewa. Na bar shi da Allah.

Don Allah kada ka sa hannu sai ka ga takardar banki da idonka. Mai ƙiyasi ma ka nemi mai tsoron Allah, don in ya zuzuta kuɗin fiye da kima, tarar tana kai kashi 40 na harajin da ka gaza biya. Masu cewa ka zuba dala ɗaya a irin wannan yarjejeniyar ka samu ragin dala biyar kuwa, ko gaisuwarsu kada ka amsa.

Sannan zancen gado. 'Ya'yana biyar, yarjejeniyata kuma ta hana yanka gonar gida-gida, sai dai su riƙe ta tare ko su sayar su raba kuɗin. Ban tambayi malami ba sai da alƙalami ya bushe. Kai ka tambaya, ka kuma zauna da iyalinka tukuna.