Iksorar gindin katanga da ganyenta ya yi rawaya

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa iksorar da kuka jera a gindin katangar sabon gidan nan, wato shukar adon nan mai jan fure, ta yi rawaya, alhali ka zuba mata taki kuma ba ka fasa ban ruwa ba. Tsinko mini sabon toho daga can ƙarshen reshe. Ka ga fatar ganyen ta koɗe, amma jijiyoyinsa suna nan kore shar? Dubi kuma tsofaffin ganyen ƙasa, lafiyarsu ƙalau. Da yunwar taki ce, daga ƙasa za ta fara, tsohon ganye ya yi rawaya gaba ɗaya har jijiyar. Wannan na hannunka rashin sinadarin ƙarfe ne, kuma ƙasar wurin ce ta hana ta sha.

Iksora baƙuwa ce a wurinmu. Asalin wannan jar da muke sayarwa daga kudancin Indiya da Siri Lanka ne, inda ruwan sama yake da yawa, ƙasa kuma take da ɗan tsami. Danginta ɗaya da bishiyar kofi, haka ma gauɗe da tafashiya da giyayya na dajinmu, sai dai su 'yan gida ne, ba sa buƙatar lallashi. A ma'aunin pH na masu awon ƙasa, wanda lambarsa take hawa idan tsami ya ragu, tsakanin 5 da 6 take so. Da ya haura 7, ƙarfen yana nan cikin ƙasa amma saiwa ba ta iya jan sa, kamar mai yunwa ne a gaban rumbun da aka liƙe. Shi ya sa masu binne tsofaffin ƙusoshi a gindinta suke wahalar banza.

Abin da ya kashe tsamin wurin siminti ne. Gindin katanga nan magina suke wanke baro da shebur, nan ragowar kwaɓi da gutsattsarin bulo suke zuba, a rufe da 'yar ƙasa a tafi. Ɗauki diga ka haƙa taku ɗaya, za ka ci karo da farin burbushi. Sannan takin da ka zuba na bola ne, rabinsa toka, ita kuwa toka kashe tsami take yi, ta ƙara dagula lamarin. Masara za ta yi murna da shi, iksora ba za ta yi ba. Wani ruwan burtsatsen ma yana da hannu, musamman wanda yake barin farin dabbare a jikin buta.

To, ga aikin. Ku tuge shuke-shuken da sanyin yamma, da ƙasar da ke jikin saiwarsu, ku jingine a inuwa. Ku kwashe ƙasar ramin zurfin kamu biyu, ku fitar da ita daga gidan, kada ku mayar. Ku cika da jar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu wanda ya huce sarai. Idan wuri ya ba da dama, ku matsar da layin kamar taku biyu daga katangar, domin ruwan sama yana wanko simintin jikinta. A barbaɗa garin farar wuta kaɗan a cuɗa da ƙasar, yana dawo da tsami, amma sai ya yi watanni, don haka ka faɗa wa mai gidan gaskiya tun yanzu, kada ka yi masa alkawarin mako biyu. Kafin nan a fesa wa ganyen maganin ƙarfe na shagon kayan gona, da sassafe. Sabon tohon da zai fito shi za ka duba, domin wanda ya riga ya koɗe ba lallai ya dawo ba.

Na kuma lura kana yawan yi mata aski don ta yi tsaf kamar bango. Iksora a kan ƙarshen reshe take ɗaure furenta, duk sanda ka bi ta da almakashi curin furen gobe ka zubar. Bari sai fure ya bushe, ka rage reshen da ya yi zarra kawai.

Rassan da ka yanke kuwa kada ka zubar. Zaɓi wanda ya fara ƙwari, tsawon santimita 10 zuwa 15, ka cire ganyen ƙasa, ka soka a leda mai yashi a ƙarƙashin rumfa. A damina cikin mako huɗu zuwa shida zai yi saiwa. Kada ka gwada da hunturu, iska za ta busar da shi kafin ya kama. Gobe da safe ka zo da diga da baro, tare za mu dawo gidan.