Amsa: Yadda ake gano yoyo a bututun iska da salansar injin jirgi mai turbo

Ka ce matsin iskar injinka yana raguwa idan jirgin ya yi sama, alhali a ƙasa lafiya lau yake. Wannan na iya zama alamar yoyo, domin a sama ne turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don ta cusa wa injin ƙarin iska, yake aiki da dukkan ƙarfinsa, kuma a nan ƙaramar kafa take bayyana.

Ka fara da ɓangaren hayaƙi, don shi ne mafi haɗari. Bayan injin ya huce, ka haska fitila a kan mahaɗan bututu, ka nemi tabo mai launin toka, wanda darmar da ke cikin 100LL, wato man jirgin sama mai launin shuɗi, take bari inda hayaƙi ke fita. Sannan ka toshe bakin salansa, ka hura iska mai tsabta da ƙaramin matsi, ka fesa ruwan sabulu a kan kowane mahaɗi. Kumfa kaɗan a mahaɗan da aka yi domin su zame ba laifi ba ne, amma kumfa a kan walda tsagewa ce, sai a canza. Ina roƙonka ka duba maɗaurin V-band, wato zoben ƙarfen da ke haɗa bututun salansa da turbo, sosai, domin idan ya balle, hayaƙi mai tsananin zafi zai iya haddasa gobara. A shekarar 2023 hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙayyade wa irin maɗaurin da aka haɗa da waldar ɗigo awa 500 kacal na aiki kafin a canza shi.

A ɓangaren iskar da ke shiga injin ma haka za ka hura ka fesa sabulu, kana lura da shuɗin tabon mai da robobin da suka bushe.