Sunan ɗaya ne, aikin ne ya bambanta

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka ce da harshen Python ka fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, yanzu an sa ku harshen C++ a makaranta, kalmomin da ka sani duk sun juya maka baya, har kana tunanin ko kai ne ba ka da kai. Kwantar da hankalinka, duk mun sha wannan ruwan.

Abu guda mai sunaye da yawa ba shi ne abin tsoro ba. Abin da Python ke kira dict, wato ma'ajiyar da ake nemo kowane abu da makullinsa, shi ne HashMap a Java, Hash a Ruby, map a Go. Haka None da null da nil, duk suna nufin babu komai. Wannan mako biyu ya ishe ka ka saba.

Inda ake faɗawa rami shi ne suna ɗaya, aiki daban. Kamar mudu ne: ko'ina sunansa mudu, amma na wannan kasuwa bai cika zama daidai da na waccan ba. Ɗauki list ɗin da ka tambaya. A Python kaya a jere suke, ka ce a ba ka na ɗari biyar, nan take a miƙo maka. A C++ kuwa std::list sarƙa ce, kowane zobe ya san na gabansa da na bayansa kawai, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan'uwan list ɗin Python a can sunansa vector, sunan da ni har yau nake ganin an yi kuskuren raɗa shi. Haka long, nau'in lamba mai girma: a Java kullum bayit (ma'aunin gurbin ajiya a kwamfuta) 8 ne, a C kuma bayit 4 ne a Windows, 8 a Linux mai bit 64.

Wanda ya fi ba ni wuya ya shafi harshenmu. Na taɓa gina wa wata makaranta fom na rajista da PHP, na sa iyaka ga tsawon suna. Sai wasu sunaye suka riƙa yankewa, wani lokaci da wata baƙuwar alama a ƙarshe. Kwana biyu ina zargin rumbun bayanai, ashe ni ne. Na ɗauka strlen, mai auna tsawon rubutu a PHP, haruffa yake ƙirgawa kamar len na Python 3, alhali bayit yake ƙirgawa. A UTF-8, tsarin adana haruffa a kwamfuta, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne, shi ya sa "ƙasa" ta zama 4 a Python, 5 a PHP, 5 a Go. A sunayen da na yi gwaji da su babu mai harafi mai ƙugiya, don haka ban gani ba sai da iyaye suka fara ƙorafi. Na koma mb_strlen da mb_substr, masu aiki da haruffa ba bayit ba, magana ta mutu.

Kafin ka taɓa aikin da aka ba ku, buɗe fayil, ka zuba lambobi miliyan ɗaya a vector, ka zuba a list, ka auna lokacin da kowanne zai ɗauka kafin ya kawo maka na tsakiya. Ka turo mana abin da ka samu.