Kada ka bar asibitinka, kada ka biya ejan

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Manchester ta Birtaniya. An sa masa na'urar LVAD mai taya zuciya harba jini, yana jiran dashen zuciya. Barci ya ƙaurace masa, kuka yake yi shi kaɗai. 'Yan'uwa a Kano sun ce ya dawo a yi na gida, ko ya tura kuɗi ejan ya samo wa ƙanensa bizar kula da tsofaffi, ya zo jinya.

Sannu da jiki, ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Kada ka tafi. Wayar na'urar nan da ta fito ta cikinka wuta take buƙata dare da rana, ka kuwa san halin lantarki a gida. Kana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ana auna jininka a kai a kai. Jiƙe-jiƙe na iya rikita shi, jini ya daskare a na'urar ko ya ƙi tsayawa. Zuciyar da za a dasa kuma 'yan awoyi kaɗai take yi a waje. In ka bar ƙasar, sai a dakatar da sunanka daga layi.

Ejan ɗin nan mayaudari ne. Tun 22 ga Yuli 2025 Birtaniya ta rufe ɗaukar masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Na ga wanda ya sayar da gonar gado ya biya, takardar ta fito jabu, ejan ya kashe waya. Ƙanenka ya nemi bizar ziyara ta wata 6, ka haɗa masa da wasiƙar likitanka. Wanda duk zai ba ka shawarar biza, ya zama lauya ko mai rajista da IAA, hukumar Birtaniya mai sa ido kan masu ba da shawarar biza.

Ga 'yan'uwa kuwa, ku ji tsoron Allah. Mutumin da ya yi shekaru yana aiko muku kuɗin makaranta da na azumi, yau da ya kwanta ba gori ya kamace shi ba. Ku kira shi ku gaishe shi, ba tare da kun kawo maganar kuɗi ba.

Kukan da kake yi ba rashin tawakkali ba ne. Damuwa takan kama masu wannan na'ura, kuma ana maganinta. Gaya wa nas ɗinka gobe, ta haɗa ka da likitan damuwa. Sannan ka kira Hajiya ta bidiyo, ka nuna mata baturan da wayar, ta gani da idonta abin da ya hana ka zuwa.