Igiyar ruwa za ta ba ni wuta a Tiga?

Tambaya: Malam, ina kiwon karfasa a tafkuna biyu kusa da madatsar Tiga. Kuɗin man janareta ya cinye ribata, ga kifi na mutuwa da asuba. Na ga bidiyon gonar kifi a tsakiyar teku da igiyar ruwa ke ba ta wuta, wani kuma ya ce zai haɗa mini irinta in na ba da kafin alƙalami. In biya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka. Abin da ka gani gaskiya ne, ƙasar Sin tana da irin wannan gona a teku tun 2019. Amma ƙarfin igiya yana bin tsayinta ne ninki kan ninki: igiya mai mita 2 ta fi mai rabin mita ƙarfi sau 16. Galibi iska sai ta kaɗa ruwa tafiya mai nisa ƙwarai kafin ta tayar da irinta. Tiga ba ta da wannan fili, ko da hunturu.

Ni mutuwar asubar nan ce ta dame ni. Kullum sai an zo mini da ita, kullum kuma an riga an zuba gishiri da kafso, wai cuta ce. Wane irin ciwo ne ke jiran kiran assalatu? Da rana gansakukar da ta mai da ruwanka kore tana sakin oksijin, wato iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Rana na faɗuwa sai ta koma shaƙa, kifi na shaƙa, ragowar abinci a ƙasa na ruɓewa yana cin nasa. Kafin gari ya waye iska ta ƙare, sai ka ga bakuna a saman ruwa suna buɗewa suna rufewa. Maƙwabcinka mai tarwada zai ce bai taɓa ganin haka ba. Tarwada tana shaƙar iskar sama, karfasa ba ta iyawa. Mai kafso kuwa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ya bar maka magani a naman da za a kai kasuwa.

Masu sa sola ba batir ma kuskure suke yi: injin hura iska na ta aiki da azahar, lokacin da ruwa ya ƙoshi da oksijin, tsakar dare kuma shiru.

Kuɗin nan saka shi a sola da batir, ka kunna injin daga tsakar dare zuwa hantsi. Daina ciyarwa da daddare, ranar hadari ko ƙura ka rage abinci. In kifi ya taso sama, ƙara sabon ruwa nan take.